Ƙaiƙayin da Gwaggo Take Tsoro

Gwaggo ta rasu wata Laraba da hantsi, tukunyar sabulunta tana kan murhu. Na Allah muke, kuma wurinsa za a koma. Kafin azahar gidanmu na Makera ya cika da mata, har sai da aka aro tabarmi a maƙwabta. Ƙanwar mahaifin maigidana ce. Ita ta raine shi tun yana rarrafe, ita kuma ta biyo shi Kaduna da ya samu aikin gyaran kan jirgin ƙasa a loko, wato shagon gyaran jirage. Ni matar ɗanta ce, kuma tun da aka kawo ni gidan ban kira ta da wani suna ba sai Gwaggo.

Kowa da irin kukan da ya yi mata. Matar direban jirgi da ke bayan katangarmu, Kirista ce daga kudu, ta shigo da kumfa a hannu, ta durƙusa a ƙofar ɗakin tana cewa, "Yanzu wa zai riƙa leƙo katanga yana ce mini ban iya wanki ba?" Tsohuwa mai fura ta ce Allah ya jiƙanta, mutuniyar kirki ce, amma fa akwai zafin rai. Maigidana bai yi hawaye a gaban mutane ba. Da aka dawo daga maƙabarta ya shigo ya tsaya a kan tukunyar, sabulun ya daskare da muciyar a ciki, ya ce, "Wa zai sauke wannan?" Ya juya ya koma zaure.

Akwai kuma wadda ta sunkuya ta raɗa wa ta kusa da ita, "Ba ta taɓa yi wa mai ciki barka ba. Wadda ba ta haifa ba, ai sai haƙuri." Na ji ta sarai. Da ba zaman makoki ake ba, da ta ji abin da ba ta taɓa ji ba daga bakina. Saboda wannan maganar ce na aika aka kawo mini takarda da fensir, tunda dai na ɗan koyi boko a ajin yamma, kada a binne Gwaggo da ƙaryar mutane.

Amma in faɗi gaskiya, ba baƙin ciki kaɗai ya danne ni a zaman nan ba. Cikina ya haura wata bakwai. Washegarin binne ta ina zaune ana gaisuwa, sai na tsinci kaina ina murza tafin hannuna da gefen tabarma. Na ɓoye hannun a mayafi. Na san wannan ƙaiƙayin, na san abin da ya taɓa yi wa ɗan da ke cikina, kuma mutum ɗaya da take tsoronsa kamar yadda nake tsoronsa tana ƙarƙashin ƙasa.

Gwaggo sabulun salo take yi. Ta ƙona kara, ta tace ruwan toka, ta haɗa da man kaɗe, ta yini tana tuƙi hayaƙi yana shiga idonta. Matan ma'aikatan jirgi har daga Kakuri suke zuwa saye, kuma babu wadda take tafiya ba ta sha faɗa ba. In kika ce sabulun ya ƙanƙance, ta ce idonki ne ya girma. In kika kawo mata ƙorafi, ta ajiye muciya ta ce, "Ni ba na son labari. Nuna mini." Amarya take ce mini, ko bayan na shekara da shekaru a gidan. Ta koya mini tuwon da ɗanta yake so, tana koyarwa tana tsaki. Ranar da na yi zazzaɓi kuwa, ita ta yi mini wanki har da zanen da ba a ba suruka, ta shanya a bayan ɗaki, ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Maganar barka gaskiya ce, ba zan musa ba. In aka ce wance tana da ciki, Gwaggo sai ta ɗaure fuska ta ce Allah ya raba lafiya, shi ke nan. In ana haihuwa a unguwa ba ta shiga ɗakin. Ni ma a lokacin na ɗauka baƙin hali ne.

Da na samu cikin fari, ba na iya faɗa wa kowa komai, kunya ta hana. Da ya tsufa sai tafin hannuna da tafin ƙafata suka fara ƙaiƙayi. Matan gida suka mai da abin wasa. Wai tafin hannu arziki ne ke tafe, tafin ƙafa kuma tafiya ce, har mai fura tana cewa in zan je Makka in tafi da ita. Na yi dariya da su. Amma abin ya bar wasa. Ba ƙuraje, ba borin jini, ba komai a fata, daga ciki yake cizo. Da rana da sauƙi, in dare ya yi kuwa ba barci. Na sosa da totuwar masara, na goga ƙafa da bakin turmi, har fatar ta tsage. Aka ƙunsa mini lalle wai ya sanyaya, bai yi komai ba.

Wata safiya Gwaggo ta same ni ina goga ƙafa da dutsen niƙa. Ta tsaya ta daɗe tana kallo. Sai ta kamo hannuna ta fito da ni tsakar gida, ta ɗaga haɓata wajen rana, ta ja fatar idona ƙasa da yatsanta mai kaushi.

"Amarya, fitsarinki wane launi ne?"

Na sunkuyar da kai. Wace suruka ce take yin irin wannan tambaya?

"Da ke nake. Ya yi duhu?"

Na gyaɗa kai. Ta sake ni ta koma wajen tukunya, ta bar wuta ta mutu ba ta lura ba. Da maigidana ya dawo daga aiki ta ce masa gobe a ƙetare gadar kogin Kaduna da ni zuwa asibiti. Ya ce to. Sai dai a ranar ne Inna, mahaifiyata, ta iso daga Kakau don ta tafi da ni goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari.

Nan aka yi ta. Inna ta ga hannuwana duk tabon susa, ta dubi tulin sabulun da ke shanye, ta gama yanke hukunci.

"Yaya, ai ba sai an je wajen Bature ba. Sabulunki ne. Tokar ta yi yawa, ta cinye mini fatar yarinya."

Gwaggo ta miƙe. "Sabulun da ya ci fata yana barin shaida. Nuna mini ƙurji ɗaya a jikinta."

"Ni dai na san can gida ba ta taɓa yin haka ba. Kuma 'yata ba za ta haihu a hannun maza ba. An ce jinin mutum suke ɗiba a kwalba, wa ya san inda suke kai shi?"

"Uwar amarya, ki bar mini ita kwana biyu. Roƙonki nake."

Duk tsawon zamana da Gwaggo, sau ɗayan nan na ji ta roƙi wani. Inna ta ce al'ada ba ta ba gwaggon miji iko da cikin fari ba, kuma gaskiyarta ce, haka abin yake. Maigidana yana zaure, ba shi da bakin da zai yi musu da surukarsa. Aka ɗaura mini kaya. Gwaggo ba ta raka mu bakin titi ba.

A Kakau an kula da ni, kada wani ya ce Inna ta yi sakaci. An jiƙa mini saiwoyi, an shafa mini toka da mai, an hana ni taɓa sabulu. Ƙaiƙayin bai tsaya ba. Rannan na wayi gari na ji cikin shiru. Na ci abinci, na sha ruwan sanyi, na kwanta ta gefe, shiru. Ban faɗa wa kowa ba sai da yamma, don ban san da wane baki ake faɗa ba. Da naƙuda ta zo, namiji ne, cikakke, har da gashi. Bai yi kuka ba. Ƙaiƙayin kuwa kafin a gama wankan jego ya ɗauke kamar ba a taɓa yi ba, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi.

Da na koma Makera, Gwaggo ba ta ce mini "ai na faɗa" ba. Ta ba ni muciya ta ce in taya ta tuƙi. Muna cikin tuƙin, idonta a kan tukunya, ta ce, "Mutane suna cewa ban haifa ba. Huɗu na haifa, can garinmu, kafin a haifi mijinki. Kowannensu sai da na sosa tafina har jini. Ko ɗaya ban ji muryarsa ba."

Na ce, "Gwaggo, mene ne shi?"

"Da na sani da na faɗa miki. Boka ya ce iska, malam ya ce sammu, mijina ya gaji ya sake ni. Abin da na sani kawai, in ya zo, ba ya tafiya hannu banza." Ta karɓe muciyar. "Kina ƙona mini ƙasan tukunya. Kuma wannan zancen ya tsaya nan."

Ya tsaya nan ɗin har ta mutu. Yanzu na buɗe shi, Allah ya yafe mini in ba ta so ba.

Ciki na biyu Gwaggo ta sa mini ido kamar mai gadin gona. Kullum da safe sai ta juya tafin hannuna ta duba. Ranar da ta ga sawun farce, ko ɗankwalin kirki ba ta tsaya ɗaurawa ba. Ba ta jira ɗanta ya tashi daga aiki ba, ta aika masa da saƙo, ta sa ni gaba. Muka tari wata motar itace ta ƙetare gada da mu. Ruwan kogin ya cika ya yi ja, ni ina kallonsa ina tunanin maganar Inna ta jini a kwalba.

Malamar asibitin da ta karɓe mu 'yar kudu ce, Hausarta tas. Ta fara tambaya. Ina ne yake ƙaiƙayi? Yaushe ya fi tsanani? Akwai zazzaɓi ko amai? Bayan gida ya yi fari? Akwai mai shawara a gidan, wato wanda idonsa ya yi rawaya yana kwance? Wane jiƙo aka sha? Kowace tambaya Gwaggo ce ke amsawa, har malamar ta ajiye alƙalami.

"Baba, ke ce mai cikin ko ita?"

"Ita ce. Amma in kika biye mata, sai ta ce miki lafiya lau har ta faɗi."

Malamar ta kusa yin dariya, ta ƙyale ta ta zauna. Likitan wani Bature ne siriri. Ya duba fatata kaf, bai ga komai ba sai tabon farcena. Ya kai ni bakin taga ya duba farin idona. Ya danna ƙarƙashin haƙarƙarina na dama ya tambaya ko da zafi. Aka ba ni kwalba na kawo fitsari, malamar ta girgiza ta ɗaga, kumfar ta fito rawaya. Sannan aka ɗaure mini dantse aka ɗebi jini. Na rufe ido ina salati, Gwaggo kuwa ta ƙura wa allurar ido har aka cire.

Malamar ta fassara mana maganarsa. Ya ce ba ciwon fata ba ne, daga hanta yake. Ya ce iri biyu yake tunani. Akwai shawara mai kamawa daga mutum zuwa mutum, ita kan tafi da mai ciki da abin da ke cikinta. Akwai kuma wanda ciki ne kawai yake sa hanta ta yi nauyi, ɗacin da ya kamata ya bi hanji sai ya koma cikin jini, shi ke cizon mutum ta ciki, in an haihu ya wuce. Ya ce a rana ɗaya ba zai iya rabewa ba. Sai an kwantar da ni ni kaɗai, an ga ko zazzaɓi zai zo, an sake ɗibar jini an gwada da na farko.

Kwanakin nan ba na fatan maƙiyina ya gan su. Ɗaki ni kaɗai, kwanona daban, kofina daban. In na ji jikina ya ɗan yi ɗumi sai in ce shi ke nan, ta zo. Gwaggo ta rufe sana'arta. Kullum ta taka da ƙafa daga Makera ta ƙetare gada, ta zauna a gindin mangwaron da ke fuskantar tagata, ta yi faɗa da mai shara, ta yi faɗa da mai gadi. Da ta gan ni a taga sai ta ɗaga haɓa, ma'ana yaya? Ni kuma in ɗora hannu a ciki in gyaɗa kai, ma'ana yana motsi.

Da sakamakon jini na biyu ya fito, likitan ya ce ba mai kisan ba ce, ta cikin ce, uwa za ta tashi lafiya. Malamar tana murmushi tana faɗa. Gwaggo ba ta yi murmushi ba.

"Tambaye shi, ɗan fa?"

Likitan ya yi magana a hankali. Malamar ta ce, "Ya ce bai sani ba. Ya ce ba zai yi miki alkawarin da ba shi da iko a kai ba. Amma tunda na farko ya tafi a haka, ba zai sallame ta ba. Za mu riƙa sauraron zuciyar ɗan safe da yamma, in ta canza mu fito da shi ko lokaci bai yi ba."

Da muka fito Gwaggo ta ce mini, "Wannan na yarda da shi. Duk waɗanda suka duba ni, ba wanda ya taɓa cewa bai sani ba."

Haka aka yi ta yi. Malamar tana da wani ƙaho na katako, ta kafa shi a cikina ta manna kunne, ni kuma in riƙe numfashi ina karanta fuskarta. Wata safiya ta saurara, ta matsar, ta sake saurarawa, ta fita da sauri. Suka dawo da likita. Aka ba ni wani mai mai ɗoyi na sha, aka fasa ruwan. Wajen la'asar ya fito, ɗan mitsitsi, kuma shiru. Na ji shirun nan har cikin ƙashina, don na san shi. Malamar ta juya shi tana murza bayansa, tana murzawa. Sai ya saki wata 'yar ƙara, sannan ya tsala kuka.

Gwaggo tana bakin ƙofa, ta juya wa ɗakin baya. An ce da ta ji kukan, nan ta zauna a kan siminti. Da aka bar ta ta shigo, ba ta taɓa yaron ba tukuna. Ta dube ni ta ce, "Barka, Amarya." Daga nan ta koma faɗa, wai an lulluɓe shi da zanen da bai bushe ba. Yaron nan a bayanta ya girma. Ranar da ta rasu yana ta zagaya ɗakinta yana tambayar wa ya ɗauke tabarmarta.

Ita da Inna kuwa ba su ƙara shiri ba. A wajen suna sun gaisa kamar waɗanda suka haɗu a kasuwa. Inna ba ta sake amfani da sabulun gidanmu ba, Gwaggo ba ta sake taka Kakau ba.

To, ga ni a zaman makoki da ciki na uku, hannu a mayafi. Na raɗa wa wata babbar 'yar uwar maigidana cewa ina so in je asibiti. Ta zaro ido ta ce, "Matar gida ta fita ana karɓar gaisuwa? Wadda ta riƙe ki kamar 'yarta? Ki bari a yi sadakar bakwai. Ƙaiƙayi ne fa, ba naƙuda ba." Sauran suka ce haka ne. Maigidana yana zaure cikin maza, ba ni da hanyar isa gare shi. Na zauna ina amsa "ya haƙuri", rabin hankalina yana cikina, ina jiran motsi. In ya motsa in ce alhamdu lillahi, in ya daɗe bai motsa ba sai gumi ya karyo mini.

Ranar sadakar uku Inna ta iso. Ta yi gaisuwa, ta zauna kusa da ni. Ba a jima ba ta sa hannu cikin mayafina ta zaro hannuna, ta buɗe tafin. Ta daɗe tana kallon sawun farcen.

"Tun yaushe?"

"Tun washegarin rasuwar."

"Tashi."

'Yar uwar maigidana ta fara cewa a jira bakwai. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na taɓa jira. Ni na wanke shi da hannuna, ni na naɗe shi." Sai Inna, wadda ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba, ta nufi zaure ta tsaya a bakin ƙofa gaban maza ta ce, "Malam, zan kai ta asibiti." Maigidana ya miƙe ko takalmi bai nema ba, ya fita neman mota.

Malamar nan ce dai muka samu. Ta gane ni, ta leƙa bayana ta ce, "Ina tsohuwar nan mai faɗa? Yau ta bar ki kin zo da bakinki?" Inna ce ta faɗa mata rasuwar. Malamar ta tsaya da ƙahon a hannu, ta ce Allah ya ba ta hutu, sannan ta ce in kwanta.

Ta kafa ƙahon. Ta matsar da shi hagu. Ta matsar ƙasa. Inna ta kama ƙarfen gadon da hannu biyu, ita da ta rantse ba za ta taɓa shiga asibiti ba. Malamar ta sake matsarwa, ta danna, fuskarta ba ta nuna komai. Ban san lokacin da na ce "Gwaggo" da ƙarfi ba. Malamar ta ɗaga mini hannu in yi shiru. Ta daɗe.

"Yana nan," ta ce. "Amma ba za ki koma gida ba."

An ɗebi jini, an girgiza kwalba, likita ya ce irin na wancan karon ne. A kan wannan gadon nake rubutu, in rubuta layi in ajiye fensir in sosa. An yi sadakar bakwai ba ni, ban zuba ko ludayin gumba ɗaya don matar da ta yi mini abin da ta yi ba, kuma abin yana cina. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka kabarinta, ya haɗa ta da 'ya'yanta huɗu ta ji muryarsu. Duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa ya yi mata addu'a. In ya gama, ya ƙara da wanda ke cikina, don har yanzu ba mu ji kukansa ba.